Allurar da Baffa ya hana

Assalamu alaikum. Wata bakwai ban ce komi ba a nan. Masu tambaya ko aure anka yi mini, a'a. Jinya na yi.

Kun san ni, ko a aji anka kira sunana sai in sunkuyar da kai. Amma yau sai na faɗa.

Ina kwance rub da ciki ina karanta littafin soyayya na ji wani abu ya tokare ni a nonon hagu. Kamar gyaɗa, ba zafi.

Ni ce ɗiyar fari. Inna ba ta faɗin sunana, ba ta zama hira da ni, sai dai "ke". To ta ina zan fara? Na yi shiru wata biyu, har gyaɗa ta koma ƙwallon goriba.

Kaka, mahaifiyar Baba, ita ta kama ni.

"Mi kike ɓoyo cikin hijabi da zafin ga? Wasiƙar saurayi?"

Na kama hannunta na ɗora a wurin. Dariyarta ta tsaya.

A asibitin Goronyo anka ce sai Sakkwato, a yi hoto, a sa allura a ɗebo tsokar a auna. Da munka dawo gida, Baffa, yayan Baba, ya ce sam.

"Ciwon daji ba shi son ƙarfe. In anka sa mai allura watsuwa yake cikin jiki. A shafa magani a gida."

Baba bai musa mai ba, don yayanai ne. Ni kuwa ina bayan ƙofa ina saurare.

Kaka ta ce, "Zamanin Turawa, ina yarinya a Wurno, haka anka ce ma yayata Hajo. Don tsoron allura anka ɓoye ta ɗaka ana shafe-shafe. Ni nike kore mata ƙudaje har ta cika. Ba ni kore ma wagga."

Baba ya sayar da albasar da yake jira ta yi tsada, munka shiga mota.

Layin kati tun asuba. Hoto, jini, allurar. Sati uku ina jiran sakamako, ko shafi guda na kasa karantawa.

Likitar mace ce. Ta ce, "Daji ne, irin da ba mu cika gani ga yara ba. Bai bazu ba. Allura ba ta watsa shi, jira ne ke watsa shi."

Sau biyu anka yi mini aiki. Na yi kuka, don a littattafaina babu amarya mai tabo a ƙirji. Kaka ta ce, "Hajo ba ta da tabo. Tana ina?"

Ranar da na farfaɗo daga aiki na biyu, murya na ji daf da kunnena: "Asma'u. Asma'u, buɗe ido."

Inna ce. Shekara goma sha bakwai ban taɓa jin sunana a bakinta ba.

Alhamdulillahi, na warke, ina komawa ana duba ni. Allah Shi saka ma likitata da nas-nas, da Baba, da Baffa da ya zo da kaza yana share ido.

'Yan'uwana mata, ku riƙa shafa nononku bayan al'ada. In kunka ji ƙullutu, ko ba zafi, ku tafi asibiti, ku yarda a auna. In kuna kunyar Inna, ku kama hannun wata ku ɗora a wurin. Ba sai kun yi magana ba.