Gadin Cikin Fari

Tun daga Tudun Wada har Kwangila, a shekarun nan na hamsin, ba a yi mijin da ya kai ni iya kwantar wa mace hankali ba. Tela ne ni, amma bakina ya fi allurata aiki. Mutum kan zo karɓar rigarsa a fusace, ya koma ba riga yana riƙe da ciki don dariya. Saboda haka da maiɗakina ta sami cikin fari, ban ga abin wahala ba.

Akwai wata malamar asibiti, Kirista 'yar Zazzau, da nake ɗinka wa fararen kayan aiki. Wata rana ta tsaya a gaban kekena ta ce, "Malam, na duba iyalinka. Ba ta ci, ba ta barci. Ka raba ta da damuwa. Yanzu ne ake haɗa ƙwaƙwalwar yaro, kuma ɓacin ran da uwa ta daɗe tana haɗiya yana iya taɓa shi."

Na yi dariya, amma ƙafata ta tsaya a kan keke. Ƙanwata tana da 'ya da ta haifa bayan ta kwashe watanni tana kukan rasuwar mijinta, yarinyar har ta isa aike ba ta iya haɗa magana. Ko wannan ne sanadi, Allah kaɗai ya sani. Ni dai na ƙulla abin a raina.

Sai na ɗaura yaƙi da damuwa. Na hana matan maƙwabta shigowa, don hirarsu ba ta wuce wance ta sha wuya wajen haihuwa. Na ɓoye taɓarya. Na ɗauki tulu, ni da gemuna, na riƙa jido daga rijiya. Zakaran maƙwabcinmu mai cara kamar an taka shi, na yi ta magiya har aka yanka. Da jirgin ƙasa yana jin magana, da na je tasha na roƙe shi ya riƙa wucewa da sanɗa.

In na yi ɗinki kaɗan sai in rufe shago in ruga gida.

"Yaya, hankalinki a kwance?"

"A kwance, Malam."

"Har ƙasa?"

"Har ƙasa."

"To me ya sa kika yi shiru?"

Cikin fari kuwa abin kunya ne. Mace ba ta ambatonsa, ba ta son a ambata, sai ta yi ta jan mayafi kamar ba kowa ke gani ba. Ni kuma in mai tallan itace ya ɗaga murya a ƙofar gida, sai in fito in ce, "Kai, sassauta! Ana gina kan alƙali a gidan nan!" Unguwa ta ɗauka. Kowa ya gan ni sai ya ce, "Ina uwar alƙali?" Tana ji daga ɗaki. Ta daina fitowa ko tsakar gida.

Na gaji, wallahi. Ɗinki ya taru, baya ya riƙe, wuya ya sage da tulu. Na yi gyangyaɗi a kan keke na ɗinke wa wani malami wuyan riga ruf. Labaran ban dariyata suka ƙare, na koma maimaici, ita kuma tana yi mini dariya kamar mai biyan haraji. Kullum sai ƙara ramewa take. In na shigo, in tarar da ita zaune ita kaɗai tana kallon bango.

"Malam, ka bar ni in daka ko gero ne."

"Ina! Ki huta."

Ana haka gwaggonta ta zo daga cikin birni. Lokacin tafiya goyon ciki gidan iyaye bai yi ba tukuna, amma tsohuwar ta dube ta sau ɗaya ta ce, "Ɗauko kayanki." Na fara bayanin ƙwaƙwalwa, ta wuce ni kamar turmi.

Na zauna a gida ni kaɗai, na ma rasa ƙarfin yin fushi. Bayan 'yan makonni na shiga birni gaisuwa. Tun daga zaure na jiyo luguden mata, da wata dariya da na sani, wadda na daɗe ban ji irinta ba. Gwaggo ta fito, na durƙusa. Ta ce yarinya tana cin tuwo har ta nemi ƙari, tana barci har sai an tashe ta salla, malamar asibitin ma ta leƙo ta yaba.

Na ce, "Gwaggo, don Allah wane magani kuka ba ta? In samo a ajiye."

Ta gyara goron da ke bakinta.

"Magani? Rashin ganinka ne kawai, ɗan nan. In kana son yaron ya zo da hankali, koma gida sai an aiko."