Lemun Tsami a Kan Lamba

Duk wanda ya dubi fuskata ya san agana ta yi sussuka a kanta. Jikokina suna cewa in gero ya zube mini a kumatu sai an kira kaza ta tsince. Ba na jin haushi, don tun kafin ciwon ma ba a taɓa tsayawa a hanya don a kalle ni ba. Abin da ba su sani ba, ni ne namiji na farko da anka yi wa lamba a ƙauyenmu, wato tsagar nan ta rigakafin agana, kuma ina cikin na farko da aganar ta kwantar.

Ƙauyenmu 'yar tunga ce tsakanin Jiga Birni da Mungadi. Ba zan faɗi sunanta ba, zuriyar mutanen suna nan da ransu. Lokacin Nasara bai daɗe da zama Jega ba. Ina da gemu, ba ni da mata. Karatuna na allo ya tsaya inda malam ya gaji da ni, boko kuwa sai da furfura na koye shi, saboda haka a yi haƙuri da rubutun. Sana'ata biyu: kora jakan albasa daga Aliero zuwa kasuwar Jega, da ƙarya. Ta biyun ta fi ta farkon suna.

Wata rana manzo ya zo wa mai garinmu da saƙo cewa a tura mutane Jega a yi musu lamba, musamman yara. Mu kuwa mun san yadda Bafulatani yake yi wa saniyarsa shaida don kada ta ɓace. Kafin azahar gari ya gama fassara saƙon: wanda anka yi wa lamba ya zama na Nasara, duk ranar da ya so sai ya aiko a kora masa kayansa. Anka cusa yara cikin rumbuna, har da 'yar autar mai gari, wadda ba ta yi canjin haƙora ba. Sa'an nan mai gari ya yi abin da yake yi in an nemi mutane aikin tilas: ya duba waɗanda in sun ɓace ba za a rasa barci ba.

Ya sa anka kira ni.

"Ɗan jakai, gobe kana da tafiya Jega."

"Ranka shi daɗe, jakina na ɗingishi."

"Ba jakin anka nema ba, mai korar shi anka nema. Kai dai ba ka da bambanci da shi, sai kunne."

Ya haɗa ni da wani makiyayin haya da wata tsohuwa da gari duka yake kira Mai Daddawa. Baiwa ce ta gidan mai gari tun zamanin ubansa, daga can kudu da Yauri anka kawo ta. Da bauta ta lalace sai anka bar mata ɗaki a bakin gari, inda warin kalwa ba zai dami kowa ba. Ba ta da ɗa, ba ta da dangi. Ɗakin nan da tukwanenta su ne duk abin da ta mallaka, sai baki mai kaifin aska.

Makiyayin bai kai rabin hanya ba ya ce zai zaga bayan wata sabara. Har yau bai gama ba.

Na ce, "Gwaggo, mu ma mu zaga."

Ta ce, "Shi yana da daji. Kai kana da uwa. Ni in na gudu, ina ni kwana? An taɓa saye na, na san yadda a kai. Tafi mu tafi, ɗan banza."

A Jega munka tarar da malamin lamba ƙarƙashin wata tsamiya, Bature yana gefe a kan kujera yana kore ƙuda. Malamin baƙo ne, Hausarsa kamar an jiƙa ta. Ya tsaga mana dantse da 'yar ƙaramar aska, ya shafa wani abu, ya ce kada a wanke, kada a goge, wurin zai kumbura, za a yi zazzaɓi, haka ne alamar ya kama. Ni na rufe ido ina salati. Ita ta bi aikin da kallo ta ce masa wanzamin garinmu ya fi shi hannu.

Da na dawo gida na iske Inna tana jirana da lemun tsami a cikin ƙoƙo. Daga gidan mai gari anka aiko da shi, tare da kashedi cewa maganar ta mutu a ɗaki, don in Nasara ya ji an kashe masa shaida gari duka zai sha. Ta danne ni kamar ɗan akuya, ta matse lemun a kan tsagar, ta bi da toka tana murzawa tana kuka. Wurin ya bushe lafiya lau. Na yi ta yawo ina nuna hannu ina cewa jinina ya fi ƙarfin na Bature.

Mai Daddawa babu wanda ya aika mata lemu. Hannunta ya kumbura, kaluluwa ta fito mata a hammata, ta kwanta da zazzaɓi. Yaran da anka fito da su daga rumbu sunka riƙa zuwa bayan ɗakinta suna kukan shanu, suna kiranta saniyar Nasara. Manya suna ji suna dariya. Ni ma na yi tawa, kuma ta fi ta kowa ƙarfi.

Da bazara ta kama, ado ya shigo gari. A wurinmu ba a cewa agana, sai a ce ado, ana lallashinsa da suna mai daɗi ko ya ji kunya ya wuce. Bai ji ba. Anka kafa bukkoki a kan yashi bayan gari, wanda ya kamu a ja shi can a ajiye. Ni anka fara ja. Masu kawo abinci sukan tsaya daga nesa su ajiye ƙwarya su juya, kai da ko ɗaga kai ba ka iyawa. Ƙuraje sun rufe ni har cikin baki, ƙuda sun mai da ni kasuwa.

Mai Daddawa ce ta shigo da tulu a kai. Ta juya ni a kan yashin, ta ɗura mini kunu da ludayi.

"Buɗe baki. Da ƙarya ta, da tuni ka wage shi."

"Gwaggo, ba ki tsoro?"

"Mi za shi ɗauka gare ni? Kyawo? Haɗiye. Kada ka ɗauka sonka nika yi, shirun garin ya ishe ni, ba ni da wanda ni zaga."

Haka ta riƙa bin bukkokin safe da yamma. Wanda ya mutu ta rufe masa ido ta kira maza daga nesa. Ado ya ɗebi yara kamar ana tsinkar kuɓewa, ita ko ƙurji ɗaya bai fito mata ba. Da farko ana sa mata albarka. Daga baya anka fara kallonta ta wutsiyar ido.

Sai 'yar autar mai gari ta kamu. Ita ba a kai ta bukka ba, a cikin gida anka ɓoye ta. Cikin zafin ciwo yarinyar ta riƙa kiran Mai Daddawa. Ni a ganina ƙishirwa ce, ta ji labarin mai ba da ruwa. Amma a wurinmu in majinyaci ya kama sunan mutum, to, ya ga wanda ya riƙe masa kurwa ke nan. Lissafi ya fita da kansa: tsohuwa ba dangi, tana shiga cikin ado tana fita, mutane suna mutuwa ita tana tafiya da ƙafarta.

Ranar na fara tashi, ina dogara sanda, ɓawon ƙuraje yana zuba daga jikina. Na ji hayaniya na bi. Na tarar an fito da yarinyar a kan tabarma a ƙofar gida, an jawo tsohuwa daga rijiya, tulunta ya fashe a hanya. Al'ada ita ce a tuɓe mayya ta tsallake majinyaci don ta saki kurwar.

Mai gari ya ce, "Saki mini ɗiya."

Ta ce, "Ban riƙe ta ba. Ni na goya ka, ka san bayana. In na ci mutane, da kai zan fara tun kana da taushi."

Wani ya mare ta. Na kutsa tsakiya, mutane sunka dare, ba don girma ba, don ƙyama.

Na ce, "Ranka shi daɗe, ba maita ba ta, lamba ta. Malamin yac ce in ta kumbura ta kama. Tata ta kumbura."

Mai gari ya dube ni daga sama har ƙasa. "Ba tare anka yi muku ba?"

"Tare."

"To jama'a, ku dubi fuskar mai lamba."

Anka fashe da dariya, har da waɗanda sunka binne 'ya'ya a makon. Na waiwaya na hango Inna cikin mata.

"Inna, faɗa musu lemun."

Ta dubi mai gari, ta dubi ƙasa. Ta ce, "Wane lemu? Zazzaɓi bai sake shi ba, ku yi mishi haƙuri."

Wani mahauci ya ce ko da lafiyata wa ya taɓa jin gaskiya a bakina. Ya ce tun da ɗan jakai ya ba da shaida ba mayya ba ce, magana ta tabbata.

Sunka fizge mata zane. Tsohuwa ce, fata duk ta saki, tabon lamba yana ƙyalli a dantsenta. Ba ta rufe jiki da hannu ba. Ta ɗaga ƙafa ta tsallake yarinyar, ta dawo ta sake, tana lura kada ta taka ta. Da ta gama ta ce a ba ɗiyar ruwa, leɓenta ya tsage. Babu wanda ya motsa, suna jiran su ga kurwa ta dawo.

Yarinyar ta cika kafin la'asar. Kafin a gama yi mata wanka an sa wa ɗakin tsohuwa wuta. Mata sunka riga wutar shiga sunka kwashe tukwanen, ɗaya ta ƙare a gidanmu. Samari sunka raka ta da jifan hoge har hanyar Maiyama, da ɗan tsumma a ƙugu da jini a goshi. Na bi su a baya da sandata ban cim musu ba. Na tambayi fatake shekara da shekaru, a Maiyama da Jega da Aliero, babu wanda ya ce ya gan ta.

Washegarin korarta masu bukkoki sunka fara kiranta. Daga cikin gari ana jin su, muryoyi a dishe, wasunsu 'ya'yan masu jifan ne. Yanzu kowa ya kama sunanta, ba a san yadda za a yi da wannan ba. Anka yini ana jin su, anka sake yini. Da kiran ya fara raguwa sai mai gari ya aiko a gaya mini, tun da ado ya riga ya gama da ni kuma ba ya maimai, in ɗauki tulu.