Kofin Baba Ilu Mai Ɗori

Ranar wata Laraba ce bayan azahar, ana saura kwana goma gasar gudu ta makarantun Kwatano, a shekarar da nake ajin ƙarshe na firamare, zamanin juyin juya hali. Ina zaune kan tabarma a zauren Baba Ilu mai ɗori, ƙafata ta hagu a miƙe bisa cinyarsa, Inna tana tsaye a bakin ƙofa. Tsohon ya ɗauko wani kofin silba duk ya lotse, ya cika shi da ruwa fal, ya ce in riƙe in miƙe hannu. Sai ya soma bin ƙashin ƙwaurina da babban yatsa, tun daga gwiwa, yana dannawa yana gangarowa. Da ya kai ɗan sama da idon sawu, wani abu ya soke ni har tsakiyar kai. Wallahi ban ce uffan ba, ko fuska ban yamutsa ba. Amma ruwan ya zubo ya jiƙa mini zane, har ya ɗiga a tabarma. Ya leƙa kofin, rabi ya tafi. Ya ce wa Inna, "Ko nama ne ya bugu, ko ƙashi ya tsage. Ku dawo da ita Laraba mai zuwa. In ruwa ya sake zuba, ƙashi ne, babu gudu sai bayan wata biyu."

Duk unguwarmu ta Zongo an san kofin nan. Baba Ilu ya daɗe da daina tambayar mutanenmu ina ke ciwo, don ya san amsar da zai samu. Mu haka aka rene mu. Ka faɗi ka goge gwiwa, a ce tashi. Kunama ta harbe ka, ka yi ihu, har shekara ta zagayo yara na kwaikwayon ihun naka. Inna kanta, ko garwashi na taka, abin da take cewa shi ne, "'Yar gidan nan ba ta raki." To ga ƙarti masu dako a tashar jirgin ruwa, ga 'yan kokawa, ga samarin ƙwallo, kowa a kawo shi da ƙafa kamar turmi yana cewa ba komai. Shi ya sa tsohon ya koma tambayar hannu. Ɗigo biyu uku, ya ba ka man shafawa. Kofi ya zube duka, ya ɗauko karan ɗori. Ban taɓa jin an ce ya yi kuskure ba.

Ni kuwa gudu a jinina yake. Inna koko take sayarwa, ni ke kai wa direbobi a tasha tun da sassafe, kwano a kai, kofuna a hannu, in dawo a guje in sa kakina na makaranta kafin a ɗaga tuta. Wanda ya makara a tuta, bayan bulala shi zai yi ban ruwan lambun makaranta har mako ya ƙare, ni kuma na tsani jarkar ban ruwan nan. A wannan sauri malaminmu na wasanni ya gano ni. Kosi sunansa, amma a lokacin kowa kamarad ne, sai muke ce masa Kamarad Kosi. Ya sa ni a gudun miƙa sanda na 'yan mata huɗu, ni ce ta ƙarshe. An ce waɗanda suka ci za a ba su takalman kambas farare, a kai su Paraku a jirgin ƙasa su kara da 'yan arewa. Ni da ban taɓa wuce unguwar Vêdoko ba! Damina ta mai da filin makarantarmu tafki, sai ya riƙa kai mu jan birjin da ke bin layin dogo ta wajen Gbégamey, safe da yamma, ƙafa ba takalmi. A nan ciwon ya faro, kaɗan-kaɗan. Mako uku ina ɓoyewa, sai da Inna ta ga ina ɗingishi da tulu a kai.

Babana direban babbar mota ne. Da ya dawo daga tafiya ya ji labari, magana ɗaya ya yi: abin da Baba Ilu ya ce shi za a yi. Na san ba ya sake magana. Na kuma san akwai wata Selestin, doguwa mai ɗagin hanci, da ke jiran in kauce ta shige gurbina. Baƙin ciki kamar ya kashe ni. Sai shaiɗan ya kitsa mini dabara, ni kuma na karɓa hannu biyu.

Bayan randar Inna akwai wani lungu tsakanin ɗakin girki da katanga, inda ake jingine itace. Kullum in aka aike ni ɗiban ruwa sai in shige can da kofin koko. In cika shi, in miƙe hannu, in sa ƙotar ludayi in danna daidai wurin. Ranar farko kofin ma faɗuwa ya yi. Rana ta biyu na gane in na riƙe numfashi hannun ba ya rawa sosai. Daga baya na ƙara da cije cikin kumatu, da kafe yatsun ƙafar dama a ƙasa, da zuba wa abu ɗaya ido. Hannun da ya shekara uku yana ratsa tasha da koko mai zafi, ai ba baƙon riƙo ba ne. Zuwa Talata ina dannawa har idona ya yi duhu, ruwa na nan kwance. Na yi murna, kai jama'a, murna na yi! Wurin kuwa ya ƙara kumbura, sai na riƙa sauke zane har idon sawu, ina danna masa tsumma mai sanyi a ɓoye.

Laraba muka koma, har da Baba. Tsohon ya cika kofi ya miƙo mini. Yatsansa ba ƙotar ludayi ba ne, ya san inda yake nema. Da ya danna, na ji kamar an kafa mini ƙusa. Na cije kumatu har na ji gishirin jini, na kafa wa wata ƙusar bango ido ina ƙirga numfashin da ban yi ba. Ya saki, ya sake dannawa, ya fi na farko. Zufa ta keto mini a baya. Ya daɗe yana kallon kofin, sannan ya ɗago ya dube ni, ya ce, "Zuwaira, ke da Allah, ba ya ciwo?" Na ce, "Ya daina, Baba." Ya shafa kumburin, Babana ya gyara tsayuwa. Can tsohon ya ce, "To, ruwa dai bai zuba ba. Ta je."

Ranar Asabar fili ya cika, ga ganguna, ga tutoci, ga manya a rumfa, kowace makaranta na rera waƙoƙin juyin juya hali. Tun a ɗumama jiki na san ƙafar ba tawa ba ce, amma Kamarad Kosi ya tambaye ni na ce lafiya lau. Sanda ta iso hannuna muna na biyu. Na zabura. Na kamo ta gabana a kan kwana, ina jin numfashinta, ina jin 'yan Zongo suna kiran sunana. Saura kamar taku ashirin na ji ƙas, ƙara irin ta karya rake, sai ga ni a ƙasa, baki cike da yashi. Na yunƙura in tashi, na ga ƙafar ta kalli inda ƙafa ba ta kallo. A ranar na yi ihun da ban taɓa yi ba, gaban Kwatano kaf.

Asibiti aka kai ni, aka sa filasta har cinya, na kwashe wata uku a kwance. Ƙashin ya haɗe, amma ya ɗan gajarta, ban sake gudu ba. Abin da ya fi wannan ci mini rai shi ne maganar da ta bi unguwa: hannun Baba Ilu ya tsufa, ya tura 'yar mutane ta karye. Baba ya daina gaishe shi a masallaci. Samarin ƙwallo suka koma wurin wani mai ɗori a unguwar Agontinkon. Sau ɗaya Baba Ilu ya zo duba ni, da lemo a aljihu. Ya zauna bakin gado ya ce, "Ki yafe mini, 'yata. Na ga kumburi na ƙi bin idona." Inna na tsaye, Baba na tsakar gida yana ji. Na ce a raina gobe zan faɗa, in na warke zan faɗa. Kafin damina ta zagayo ya rasu.

Yanzu jan birjin nan ya zama kwalta, zauren ya zama shagon sayar da waya. Yaran unguwa na buga ƙwallo da takalma masu ƙusa, in sun ji rauni likita ya ce su kimanta ciwon daga ɗaya zuwa goma, su kuwa su faɗi tara ba kunya, a ɗauki hoton ƙashi a huta. Wani lokaci tsofaffi irina na tsaki, wai yaran zamani sun cika raki. Ni ba na sa baki. In hadari ya haɗo ta wajen teku ƙwaurin ya soma sara, nakan zauna in miƙe shi, in yi kewar zauren nan da mutumin da ke cikinsa. Ɗingishin na saba da shi tuntuni. Gafarar da na bar tsoho ya roƙe ni ce har yau ban saba da ita ba.