Labulen da Yu Lasmi Ba Ta Ɗaga Ba

Duk unguwarmu da ke gefen garin Wonogiri babu mai ladabin Yu Lasmi, kuma wallahi ladabin nan nata har haushi yake ba ni. Mace ce da idan ka taka mata ƙafa a kasuwa ita za ta ba ka haƙuri. Sana'arta yin wani abinci da muke kira tempe: ta jiƙa waken suya, ta dafa, ta murje ɓawon, ta naɗe a ganyen ayaba. Ni maƙwabciyarta ce, Tumirah, katanga ɗaya ta raba mu; ina kiranta Yu, wato Yaya, ita tana kirana Dik Rah, wato ƙanwa Rah. Tun muna 'yan mata nake taya ta naɗi, ina zuba mata surutu tana murmushi.

Tana da ƙane, Kasiman, da take kira Man. Ya haura arba'in, ƙato ne, amma maganar bakinsa ba ta taka kara ta karya ba. Ba ya kallon mutum cikin ido, ba ya son a taɓa shi ba zato, kuma idan ya saba da abu to ya saba ke nan: kofinsa ɗaya, wurin zamansa ɗaya. Likitoci suna da sunan da suke kiran lalurar, mu dai mukan ce haka Allah ya yi shi. Shi ke goge mana ganyen ayaba, kuma ba ganyen da zai wuce ta hannunsa da ƙura.

Bayan rasuwar mahaifiyarsu abubuwa suka dagule. Mijin Yu Lasmi ya samu shanyewar ɓarin jiki, sai an kwantar an tayar. Shi kuma Kasiman ya shiga fita bakin titi neman uwarsa. Ranar da wata babbar mota ta kusa bi ta kansa, dangi suka taru suka ce a kai shi panti, gidan da ake ajiye manya masu irin lalurarsa, can a gari na gaba. Ta yi kuka har ta gode Allah, sannan ta kai shi.

Duk wata take zuwa duba shi, kuma ba ta taɓa zuwa ba tare da ta buga waya tun ana jibi ba. Ta ɗauki tempe, da sukari, da ganyen shayi don ma'aikata. Shugabar gidan, Bu Hartini (Bu muke kiran mace don girmamawa), ta tare ta da fara'a, ta zaunar da ita a ɗakin baƙi, a kawo shayi mai zaƙi. Can sai a ɗaga wani koren labule a fito da Kasiman, an yi masa wanka, an shafa masa hoda, rigar batik mai zane-zane, dogon wando, har da safa. Ya zauna yana jijjiga jiki, ita tana ba shi a baki, a mayar da shi.

Na sha tambayarta, “Yu, kin taɓa ganin inda yake kwana?”

“Haba, Dik Rah! Baƙo ya wuce ɗakin baƙi? Sai su ce ban yarda da su ba.”

“To kin yarda da su ɗin ne?”

“Mutane suna ɗauke miki nauyin da kika kasa, ki kuma je ki leƙa musu ɗaki? Da wane idon?”

“Da wannan da kike tsince tsakuwa a wake mana!”

Sai ta yi dariya, ta ce bakina zai kai ni wata rana. Shekaru suka tafi a haka. Mijinta ya rasu, amma ba ta ɗauko Kasiman ba, ta ce ya saba da can, kada a dagula masa lissafi.

Wata Lahadi muka kai tempe gidan biki a garin da pantin yake. Muka gama da wuri, na ce mu biya mu ga Kasiman. Ta ja ta tsaya a bakin titi.

“Ban sanar ba.”

“Fadar sarki ce? Ƙanenki ne fa, ciki ɗaya.”

“Hannu biyu za mu shiga?”

Na sayi ayaba nono guda na danƙa mata, na tare mota, na tura ta ciki.

Bu Hartini ta gan mu, fara'ar ta zo amma a makare. “Ah, Bu Lasmi! Ai da kin kira. Bismillah, ku zauna. Yana wanka ne, yanzu za a fito da shi.” Aka kawo shayi. Muka zauna, shayi ya huce, babu ko motsin ruwa. Sai muka fara jin wani sauti daga can ciki, dum, dum, dum, da wani gurnani siriri a ƙarƙashinsa. Ni ban gane ba. Yu Lasmi kuwa nan take ta gane, don tun yana yaro haka Kasiman yake buga ƙeyarsa a bango idan ya tsorata.

Bu Hartini ta ce, “A ƙara shayi, Bu?”

Yu Lasmi ta miƙe. Ta ranƙwafa, ta sauke hannun dama ƙasa yadda muke yi idan za mu gifta gaban manya, tana cewa, “A gafarce ni, Bu, a gafarce ni,” ta bi ta gaban matar ta ɗaga labulen. Na bi bayanta.

Zarnin fitsari ne ya fara tarar mu. Dogon ɗaki ne mai taga ɗaya, gadajen ƙarfe jere ba katifa. Maza manya, duk an yi musu aski ƙwal, wasu a kwance, wasu a tsugune, wani yana ta lasar kwanon da babu komai a ciki. Kasiman yana can ƙurya daga shi sai gajeren wando, haƙarƙarinsa a waje, an ɗaure idon sawunsa da ƙyalle a jikin ƙafar gado. Inda ƙyallen yake zama fatar ta yi baƙi ta yi kanta, zagaye guda.

Wata ma'aikaciya, dattijuwa, tana tsaye da bokiti. Na yi kanta da masifa, har na manta abin da na ce. Ba ta ko ɗaga murya ba.

“Bu, mu biyu ne a kan dukkansu. Idan na kwance shi titi yake nufa. Idan na bi shi, wa zai tsare waɗannan? Ni ma ba daɗi nake ji ba.”

Maganar tata ta ƙara ƙona mini rai.

Yu Lasmi ta durƙusa. “Man, ni ce. Zan taɓa ƙafarka.” Ƙullin ya ƙi kwantuwa, sai da ta sa haƙori. Ta yafa masa gyalenta, ta kama hanya da shi. Kuma ku ji mata, a bakin ƙofa sai da ta juya ta yi wa Bu Hartini godiya a kan ɗawainiya, ta ajiye mata ayabar! Ni da za ta bar ni da ayabar nan, Allah kaɗai ya san inda za ta sauka.

A mota, da muka kusa gida, Yu Lasmi ta juyo ta dube ni.

“Na ga safar, Dik Rah. Tun zuwan farko na gan ta. Wa ke sa safa a wannan zafi? Na ga yana ramewa. Raina ya ba ni, amma na ji nauyin tambaya, na sha shayina na taho. Kunyar shugabar gidan na ji, ita da take bare, ban ji kunyarsa ba.”

Na ce laifin masu gidan ne. Ta girgiza kai. Tun daga ranar ban ƙara iya cire mata wannan maganar daga rai ba, kuma duk unguwa da muka riƙa yabonta da zumunci, kowa ya daina yabon.

Mun ɗauka an gama. Ta gyara masa ɗakinsa, ta fito da kofinsa. Washegari bayan ya ci abincin rana, sai ya tafi gindin gado ya zauna a ƙasa, ya miƙe ƙafa yana jira.

“A'a, Man. Nan gida ne. Ba mai ɗaure ka.”

Ya ƙara miƙo ƙafar. Ta ƙi. Ya fara gurnani, ya shiga buga kai a bango har ƙeyarsa ta fashe. Kwana da kwanaki ana wannan, kullum bayan cin abinci. Ta gwada ɗaura masa ƙyalle haka kawai, ba a jikin komai ba. Ya ja, ya ji sakayau, ya ƙara birkicewa. Malamar asibiti ta ce a bi shi a hankali, abin da ya saba ba ya fita rana ɗaya, wataƙila wata rana ya bari.

Ta ce ita hannunta ba zai ɗaure shi a gado ba. Sai ta yage tsohon zaninta mai laushi, ta ɗaura baki ɗaya a ƙafarsa, ɗaya bakin a tata ƙafar. Ya ja, ya ji da nauyi, ya yi ajiyar zuciya ya kwanta.

Haka suke har yau. Da ya gama cin abinci za ta jawo kwandon wake da ganye kusa da shi, ta zauna a ƙasa tana naɗi. Lokaci lokaci yakan ja don ya tabbatar, sai ka ga ƙafarta ta motsa. Jiya wata mata ta zo sayen tempe, ta yi ta sallama daga waje, na ji Yu Lasmi ta amsa daga ciki.

“Shigo ki ɗiba da kanki, Bu. A ɗaure nake.”