Ranar Kasuwa Kaɗai Jirginsu Ke Zuwa

Shekarun baya, lokacin ina sabon ma'aikacin jinya a wani asibiti a Yelwa, aka kawo mana wani dattijo masunci daga wata tunga can tsallaken ruwa. Ya rame ƙwarai, tari ya ƙi barinsa. Gwaji ya nuna yana ɗauke da cutar ƙanjamau. Ranar da aka gaya masa, da na zo ba shi magani sai ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗana, maganar ga ta tsaya tsakaninmu."

Sati uku ya yi a gadonmu. Allah Ya taimaka, jiki ya dawo, har ya fara raina mana abinci. Da za a sallame shi na ba shi maganin wata guda da kati, na tsaya na yi masa doguwar huɗuba: maganin nan ba a fashinsa, ya dawo ranar Laraba kaza, ɗaki na ƙarshe da Laraba kaɗai ake buɗewa, a ƙara masa. Na ce ya gane? Ya ce ya gane. A lokacin ji nake duk asibitin ba wanda ya kai ni iya bayani.

Larabar ta zo, shiru. Wata Larabar ma shiru. Na ɗauki biro na rubuta "ya gudu" a gaban sunansa, har ina yi wa sista, shugabarmu, ƙorafin cewa mutanen ruwa ba sa jin magana. Ta dube ni ta ce, "Ka tambaye shi da mi zai zo?" Ban tambaya ba. Lissafi kuwa ya nuna maganinsa ya ƙare, kuma na san abin da zai biyo baya in ya daɗe a haka.

Ranar kasuwa na tuɓe fararen kaya, don kada in tona masa asiri, na gangara bakin ruwa inda jirage ke sauke kifi. Can na hango shi zaune gaban kwando, ya fara komawa gidan jiya. Mutanen tungarsu na kewaye da shi, sai na tsuguna kamar mai ciniki, na nuna wani kifi na ce, "Baba, nawa ne karfasar nan?" Wurin ya kwashe da dariya, ashe ragon ruwa ne. Shi ma ya dara, ya ce, "Taho in nuna maka na kirki, kai ba ka san kifi ba."

Da muka keɓe bayan wani jirgi na ce, "Baba, me ya hana ka zuwa?" Ya cire hularsa, ya zaro katin nan a naɗe cikin leda, ko ɗigon ruwa bai taɓa shi ba.

"Sau biyu ina tahowa ranar kasuwa, ɗana. Ɗakin ga kulle ni ka ishe shi. Mu jirgin inji ba ya zakuwa tungarmu sai ranar kasuwa. In ni ɗauko kwalekwale ranar Laraba, ba kifi ba komi, in ce ma mutane mi ni ka nema Yelwa? Kuma wa zan tambaya cikin asibiti, in ce ina ɗakin masu ciwon ga?"

Na koma na gaya wa sista, ta miƙo mini mabuɗin ɗakin. A ranar ya karɓi maganinsa, ya kuma samu jirgin komawa. Daga baya aka riƙa buɗe ɗakin ranar kasuwa, sai ga mutanen da muka daɗe da cire rai da su suna ɓullowa ɗaya bayan ɗaya. Shi kuwa wata na uku da matarsa ya zo, ya ce a duba ta ita ma. Ya rayu har ya ga jikoki, kuma bai daina yi mini tsiyar karfasa ba.

Tun daga nan na daina tambayar mai barin asibiti ko ya gane, kowa zai ce ya gane. Sai in tambaye shi wace rana zai iya zuwa, da me zai zo, kuma me zai ce a gida. Na soke abin da na rubuta a gaban sunan Baba tun ranar, amma har yau in na tuna kunya ke kama ni. Mutum ya tsallake ruwa sau biyu yana nemanmu, ni kuwa na ce ya gudu.