Ranar da Aka Yaba wa Mai Ɗakina Bisa Kuskure

Shekarun baya, ban jima da ajiye aikin duba makarantu ba, aka bugo mini waya cewa babban ɗanmu ya yi hatsarin mota a hanyar Kongolam, ƙafarsa ta karye. Na shiga cikin gida na tarar da mai ɗakina tana tankaɗe, na sanar da ita. Ta ɗago ta dube ni, ta ce, "To," ta ci gaba da aikinta.

Matan da suka zo jaje suka yi ta yaba mata. Yayata ma cewa ta yi, "Kun ga masu kara na asali. Ɗan fari ne, ko gezau ba ta yi ba. Matan yanzu da tuni sun cika unguwa da kururuwa."

Ni kuwa hankalina bai kwanta ba, domin na san irin kunyarta. A gaban mutane ba ta kula shi, haka aka tarbiyyantar da ita. Amma da zarar an watse sai ta same ni ta ce, "Malam, wai yaya mutumin naka?" Wannan karon an watse, na jira, ba ta tambaya ba. Washegari ma haka.

Da ya samu sauƙi ya zo gaishe ta, yana dogara sanda, matarsa da surukarsa na biye. Mai ɗakina ta dubi tafiyarsa ta fashe da dariya, ta miƙe tana kwaikwayon ɗingishinsa. Ya durƙusa da ƙyar, ya gaishe ta, ya fita. Daga ranar ya ɗauke ƙafa daga gidan. Da na same shi, cewa ya yi, "Baba, kunyar ɗan fari na san ta, a cikinta na girma. Wannan ba ita ba ce. Ba ta ƙaunata, yanzu ne ta daina ɓoyewa."

Na ce masa mahaifiyarsa ba ta da lafiya. Ya ce, "Wace rashin lafiya? Ba ta mance salla ba, ba ta mance sunan kowa ba."

Gaskiya ya faɗa, kuma ita ce ta ɗaure mini kai. Ni da na yi shekara da shekaru ina shiga aji daga Baure zuwa Sandamu ina gyara wa malamai darasi, sai ga ni na kasa yi wa ɗana bayanin abin da ke faruwa a tsakar gidana. Amma na ƙudura cewa matar nan ba za ta bar duniya ɗanta yana mata wannan zato ba. Aka yi rubutu da addu'a, ban hana ba. Bayan haka na nemi ganin likitan ƙwaƙwalwa a Kano, na ce wa yaron shi zai raka mu. Ya fara kawo uzurin aiki. Na ce, "Ba shawararka na nema ba. Ka fito da sassafe."

Likitan ya ɗauki hoton kanta, sa'an nan ya riƙa nuna mata fuskokin mutane a takarda, yana tambayar halin da kowa ke ciki. Ya nuna wani mutum yana kuka, hawaye shaɓe-shaɓe. Ta dube shi da kyau ta ce, "Hularsa ta karkace." Na ga ɗana ya gyara zama.

Likitan ya ce, "Baba, sashen ƙwaƙwalwa na wajen goshi da na gefen kai ne suke shanyewa, hanyoyin da ke sada su kuma suna tsinkewa. Ta nan ne mutum ke karanta fuskar ɗan'uwansa, ya ji tausayi, ya ji kunya. Mantuwa takan zo ne daga baya." Ya ce ba a samu maganin warkewa ba tukuna, sai kulawa.

Ɗana ya ce, "Likita, kenan lokacin da ta yi mini dariya..."

Ya ce, "Ta ga tafiyar, ba ta ga ciwon ba."

A hanyar dawowa Daura sai ta yi ta neman a tsaya a saya mata ƙosai. Shi ya tsaya ya sauka ya sayo. Daga nan kullum bayan la'asar yana ɗakinta, yana ba ta abinci, wani lokaci ta kore shi, gobe ya dawo. Haka har Allah ya karɓi abarsa. Allah ya jiƙanta.

Yau idan na ji ana cewa wani dattijo ya lalace, ya zubar da girmansa alhali da ba haka yake ba, ba na tsayawa jin ƙarshen gulmar. Nakan sa babbar rigata in tafi gidan, in nemi babban ɗansa. Wasu kan ce tsohon sufeto ya cika shisshigi. Su faɗa. Zan ci gaba da zuwa muddin ƙafafuna suna ɗaukata.