Ranar da Kaka Ta Tona Asirin Kofur

Akwai wata Asabar da ba na jin za ta taɓa fita daga raina, ko da tsufa ya kwashe sauran abubuwan da na sani. Shekaru sun shige, amma har yau idan na ga ƙwayar ludo sai na yi murmushi ni kaɗai.

Mu huɗu ne muka shaƙu tun a jami'a: ni, da wata malamar firamare 'yar gidan Kiristoci da ke unguwar Rumde a Jimeta, da wani mai shagon kayan waya a unguwar Ajiya, sai aminina, ɗan tsohon gidan Fulanin Yola da ke zaune a unguwar Yolde Pate. Bayan mun kammala karatu da 'yan watanni, aminin nawa ya yi hatsarin babur, ya karye a cinya. Wata huɗu yana kwance. Da farko yana karɓar masu dubiya, daga baya ya daina. Idan muka tsallaka daga Jimeta, sai a ce mana yana barci. Idan muka aika saƙo, amsarsa ɗaya ce: “Lafiya lau, kada ku wahalar da kanku.” Mun san halinsa. An rene shi a kan cewa namiji ba ya faɗin yunwa, ba ya faɗin ciwo, kuma ba ya zama kaya a wuyan kowa. Abin da nake tsoro shi ne kunyar nan ta raba mu da shi har abada.

A lokacin ne na ci karo da wani wasa a intanet. Wasan baki ne: mutum ɗaya yana ba da labari, sauran kowa ya ɗauki matsayin soja guda cikin 'yar rundunar da ta ɓace a bayan abokan gaba, babu isasshen abinci, babu harsashi sai kaɗan. Duk abin da soja ya yi niyyar yi, sai ya jefa ƙwaya mai fuska shida, lambar da ta fito ita ke yanke hukunci. Na ce a raina, wanda ya ƙi a zo duba shi, wataƙila ba zai ƙi a gayyace shi aiki ba. Na rubuta masa cewa muna neman kofur, kuma wasan ba zai yiwu da soja biyu kawai ba. Bayan kwana biyu ya amsa: “To, sau ɗaya.”

Sau ɗayan nan na ɗauke shi da muhimmanci ƙwarai. Na yi mako uku ina mayar da ƙa'idojin wasan cikin Hausa tsantsa, na zana taswira a bayan tsohuwar kalanda, na ɗauki hotonta na tura musu. Tsayar da rana ma sai da ya zama aiki. Juma'a ba ta yiwuwa, Lahadi malama tana coci, Asabar da safe kuma mai shago ya ce ko gobara ake yi ba zai rufe ba. Muka tsaya a kan Asabar bayan sallar la'asar, ta kiran murya na mutum huɗu, domin intanet ɗinmu ba zai ɗauki bidiyo ba. Wannan ya sa kowa zai jefa ƙwayarsa a gida, ya faɗi abin da ya samu bisa amana.

Na buɗe da muryar da na yi kwanaki ina gwadawa: “Ya ku dakaru, hantsi ya dubi ludayi, ga ku a tsakiyar ƙungurmin daji.”

“Malam Ƙamus,” in ji mai shago, “abeg, data na tafiya. Ina abinci yake?”

Malama, wadda ta ɗauki matsayin saje, ta ce, “Kai soja, rufe baki. Wanda ya fara tambayan abinci shi zai ɗauki tukunya.”

Na ji wani ɗan sauti daga ɓangaren Yolde Pate, kamar dariyar da aka danne. Zuciyata ta yi sanyi.

Wasa ya yi daɗi. Suka kwana a kogo, mai shago ya yi yunƙurin sayar wa wani makiyayi agogon da ba ya aiki, malama ta sa shi tsallen kwaɗo. Saura tafiyar kwana uku su kai kogin da jirgin ceto ke jira, sai suka faɗa tarkon abokan gaba, harsashi ya sami kofur. Akwai jadawalin raunuka a ƙa'idojin. Na jefa ƙwaya, na duba, kuma saboda tsabar bin ƙa'ida irin tawa, na karanta da ƙarfi kafin hankalina ya iso: “Karaya a cinya. Ba ya iya tafiya shi kaɗai.”

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige.

Aminina ne ya fara magana, cikin natsuwa. “Ba komai. Mene ne hukuncin?”

Na bayyana cewa kowace rana zai jefa ƙwaya. Idan ya sami huɗu ko fiye, zai daure su ci gaba tare. Idan bai kai ba, rundunar ta yi asarar yini da abincinsa. Asara uku, jirgi ya tafi ya bar kowa. Amma idan suka bar shi, za su isa lafiya.

Ya jefa. “Ɗaya,” ya ce. Rana ta biyu, “Biyu.” Sannan ya ƙara da cewa, “Saje, ku ajiye ni a gindin bishiya ku wuce. Ba daidai ba ne mutum ɗaya ya ja muku asara.”

Dukanmu mun san ba kofur ne kaɗai ke magana ba.

“Hamma,” in ji malama, wato yaya da Fulatanci, “ni ne saje a nan. Ba ka da izinin zama a gindin bishiya.”

“Na riga na cire rigana na yi makara da shi,” in ji mai shago. “Kuma kana da nauyi wallahi, duk nonon da ka sha tun kana yaro yana nan.”

Jifa ta uku ta zo, wadda komai ya rataya a kanta. Muka ji ƙarar ƙwaya a kan faranti. Aminina ya ce, “Ɗaya ce. Ku bar ni kafin lokaci ya...”

Sai wata murya ta tsohuwa ta kutso cikin wayar, sarai kamar tana ɗakina. Kakarsa ce, wadda ke zaune kusa da gadonsa tana jinyarsa.

“Kai! Mijin nan nawa maƙaryaci ne. Shida ne, ga ɗigo shida ina gani da idona! Na farko biyar, na biyu ma shida. Tun ɗazu ina ƙirgawa. Ni ban san wasanku ba, amma na san ƙidaya.”

Mai shago ya fashe da dariya har wayarsa ta faɗi. Malama tana ihu, “Kaka, Allah ya ƙara miki ido!” Aminina yana cewa, “Haba Kaka, haba,” sai dariya ta ci ƙarfinsa, irin wadda rabonmu da ji tun kafin hatsarin. Ashe tun farko sa'a tana hannunsa, yana ɓoye ta don a yar da shi.

Na gyara murya na yanke hukunci: an soke asarar kwana biyu, rundunar ta isa bakin kogi da kofur a kafaɗa. Malama ta ƙara nata hukuncin na saje, cewa horon soja mai ƙarya shi ne ya karɓi baƙi ranar Asabar mai zuwa. Kafin ya buɗe baki, kaka ta ce, “Ku zo. Idan an ce yana barci, ni zan tashe shi.”

Muka je. Ba a ce yana barci ba. Bayan wata biyu, da kafaɗata da ta mai shago ya fara taka ƙafarsa a tsakar gida, kuma bai nemi gafarar kowa ba. Ba mu sake yin wasan ba, taswirar kuwa tana nan cikin akwatina.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, idan naka ya ce a bar shi a wuce, kada ka yi saurin gaskata lambar da ya faɗa. Kuma wanda ya yarda aka ɗauke shi a lokacin da ƙafa ta gaza, shi ma kyauta ya yi wa masu ƙaunarsa.